Yadda ake sanin nauyin da 'yar motar gona za ta iya ɗauka, da yadda ake yi mata lodi

Shekara shida ke nan ina tuƙa 'yar motar gona a wani lambu da ke gefen Jiratawa, kudu da Maraɗi. Irin wadda mutum biyu ko uku ke zama gefe da gefe, da sitiyari kamar na mota, da tayoyi huɗu masu kauri, da ɗan bodi a baya wanda ake ɗagawa a juye kaya. A takardun Turanci UTV ake rubutawa, a na Faransanci kuma SSV. Duk inda na tsaya da ita, ko bakin kasuwa ko wurin mai faci, tambayar ɗaya ce: buhu nawa take ɗauka?

Amsar ba lamba ɗaya ba ce, lissafi ne. Ba shi da wuya, amma rashin yin sa ya taɓa cinye mana sabon bel, wato robar da ke kai ƙarfin inji zuwa giya, da yini guda cur a cikin rairayi, shi ya sa nake son wanda ya fara riƙe irin wannan mota ya koye shi tun kafin ya ɗora buhun farko.

Abubuwan da za ka tanada

Littafin motar, ko aƙalla sitikar da kamfani ya manna a jikin bodi ko kusa da kujerar direba. Sikeli, ko na ratayewa irin na masu sayen gyaɗa da aya, ko na takawa da ake auna mutum. Tef ɗin awo. Ma'aunin iskar taya wanda ke nuna ƙananan lambobi, don na manyan motoci ba ya karanta iskar waɗannan tayoyi daidai. Igiya mai ƙarfi ko maɗaurin nan mai ƙarfen matsewa, guda huɗu. Tamfol, shebur, guntun katako biyu na tokare taya, alli ko ɗan fenti, da wayarka don lissafi. Idan motarka mai bel ce, ka ajiye bel na biyu a ƙarƙashin kujera. Samun sa da gaggawa a nan ba abu ne mai sauƙi ba.

1. Nemo lambobin motarka, kuma ka duba da wane awo aka rubuta su

Lambobi uku ne kamfani ke bayarwa. Na farko, nauyin da bodi kaɗai ke ɗauka. Na biyu, jimillar nauyin da motar gaba ɗaya ke ɗauka: direba, fasinja, kaya, da duk wani ƙarfe da aka ƙara mata. Na uku, nauyin da za ta iya ja a 'yar tirela.

Ga yadda suke a wasu sanannun motoci, don ka san inda taka ta faɗa. Kawasaki Mule SX, ƙarama, bodinta kilo 181. Polaris Ranger 570 mai kujera biyu, bodi kilo 227, jimilla 454, ja 680. Manya irin Polaris Ranger 1000 da Can-Am Defender HD10, bodi kilo 454, jimilla wajen 680, ja kuma yana kaiwa 1,134. Kubota RTV-X1100C mai shan gas, bodinta kilo 500. Lambobin na ɗan sauyawa daga shekara zuwa shekara, saboda haka abin da ke manne a jikin taka shi ne abin bi.

A nan ne aka fi yin kuskure mafi tsada. Yawancin waɗannan motoci don kasuwar Amurka aka ƙera su, can kuwa da laba suke awo, wadda ake rubutawa lb ko lbs. Laba ɗaya ba ta kai rabin kilo ba, 0.454 ce. Idan ka ga 1000 lbs, ba tan guda ba ne, kilo 454 ne. Hanya mai sauƙi: raba lambar biyu, sannan ka cire kashi ɗaya cikin goma na abin da ya rage. Dubu ta koma 500, a cire 50, saura 450.

Makon farko da aka kawo mana motar, maigidana ya leƙa sitika ya ga 1000, ya ce, "To, ai tan guda ce, buhun siminti ashirin ke nan." Na ce, "Alhaji, gani nake kamar ta yi ƙanƙanta da ashirin." Ya ce mu gwada sha huɗu. Ni ma a lokacin ban san laba ba, sai muka jera sha huɗu, kilo 700, ga ni ga yaro ɗaya a gaba. Ba mu yi nisa ba muka shiga rairayin da ke gangaren gulbi, injin na kuka mota ba ta motsi, sai ƙaurin roba. Bel ya ƙone. Da ka muka kwashe simintin nan cikin ranar watan Afrilu. Babu wanda ya yi ganganci da niyya, haruffa biyu ne kawai ba mu karanta ba.

Idan sitika ta goge kuma babu littafi, wanda shi ne halin yawancin waɗanda ake sayowa na hannu, nemo lambar jikin motar da aka buga a firam, ka gane samfurin da shekarar, ka duba shafin kamfanin a intanet. Littattafan Polaris, Kawasaki, Can-Am da John Deere suna nan ana iya karantawa. Idan haka ma bai yiwu ba, ka ɗauke ta a matsayin ƙarama, kada ka wuce kilo 181 a bodi sai ka tabbatar.

Masu kujeru layi biyu su lura. Kawasaki Mule Pro-FXT tana ɗaukar kilo 454 idan an naɗe kujerar baya, amma da an buɗe ta don mutum shida, bodin ya tsuke, nauyinsa ya koma kilo 159. Mota ɗaya ce, lamba biyu.

2. Cire nauyin mutane da ƙarin ƙarfe

Ɗauki jimilla, ka fara ragewa. Hau sikeli ka san kilonka, ka san na waɗanda kuka saba fita tare. Sannan ka lissafa duk abin da ba da shi motar ta fito daga kamfani ba: rufin kwano da mai walda ya yi maka don rana, ƙarafan da aka ƙara wa bodi tsawo, tayar safaya, akwatin kayan aiki, jarkar mai. A wurinmu waɗannan sun tashi kusan kilo 60. Mai walda yakan zaɓi ƙarfe mai kauri don aikinsa ya yi ƙarko, amma kowane kilo nasa daga kason kayanka yake fita.

Misali da babbar mota: jimilla 680. Mutum uku, kilo 215. Ƙarin ƙarfe, 60. Saura 405. Bodi ya ce 454, amma abin da ya rage maka 405 ne, shi za ka bi. Idan kai kaɗai ne, mai kilo 75, lissafi zai ba ka 545, amma bodi bai wuce 454 ba, don haka nan za ka tsaya. Kullum ƙaramar lambar ce ke da iko.

Da ƙaramar mota kuwa: jimilla 454, mutum biyu 145, saura 309, bodi 227. Buhun siminti huɗu ke nan, na biyar ya haura.

3. San nauyin kayanka

Wasu kayan da saninsu suke zuwa. Siminti da takin zamani, kilo 50 kowane buhu. Babban buhun gero ko dawa mai tiya arba'in, wajen kilo 100. Ruwa, lita ɗaya kilo ɗaya: jarka mai lita 25 kilo 25 ce da ɗan nauyin robarta, tano mai lita 200 ya haura kilo 200 idan an haɗa da ƙarfensa. Fetur ya fi ruwa sauƙi, lita ɗaya wajen kashi uku cikin huɗu na kilo. Da wannan, babbar mota mai saura 405 za ta ɗauki siminti takwas, ko gero buhu huɗu, ko jarka sha biyar. Tano biyu cike sun ɗan haura, sai an rage mutum ɗaya a gaba.

Sauran kaya sai an auna. Damin gero, bulo, kwandon tumatir, buhun zogale, buhun aya: auna guda uku, ka ɗauki mafi nauyi, ka ninka da adadin da za ka ɗora. Bulo danye da busasshe ba ɗaya ba ne, haka takin gida na rani da wanda ruwan sama ya jiƙa.

Idan babu sikeli, jarka ta isa. Ɗora dogon katako a kan guntun icce daidai tsakiya, ka sa kayan a wannan baki, jarkar ruwa a wancan, nisansu da tsakiya ɗaya. Ka yi ta ƙara ruwa da robar lita ɗaya har katakon ya daidaita. Adadin litar shi ne adadin kilon.

Yashi da tsakuwa su ne mayaudara, domin ido na ganin bodi bai cika ba alhali nauyi ya wuce. Busasshen yashi lita ɗaya wajen kilo 1.6 ne, jiƙaƙƙe ya kusa 2. Auna cikin bodinka da tef. A ce tsawo santimita 90, faɗi 140, zurfi 30: ninka su, ka raba da dubu, ka samu lita 378. Cika shi daidai baki da busasshen yashi, kilo 600 ke nan, ba a ma yi masa tozo ba. Saboda haka yashi kashi biyu cikin uku na zurfin bodi ake zubawa, jiƙaƙƙe kuma rabi. Ni layi biyu na ja da fenti a cikin bodi, na sama na busasshe, na ƙasa na jiƙaƙƙe, don yaran da ke zuba shebur ba sai sun tambaye ni ba.

4. Rage saboda hanya da zafi

Lambar kamfani iyaka ce, ta ƙasa mai ƙarfi kuma shimfiɗaɗɗiya. Mu kuwa jigawa muke bi, da rairayi mai cin ƙafa, da laka a fadama idan damina ta zauna, ga zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. A rairayi taya na nutsewa, injin na aiki ninki, bel na ɗaukar zafi. Ƙa'idar da na ɗora wa kaina, ba ta littafi ba, ita ce in cire kashi ɗaya cikin huɗu duk ranar da zan bi rairayi mai zurfi ko laka. 405 ta koma wajen 300, siminti shida maimakon takwas. Sawu biyu da buhu shida-shida ya fi mini sawu ɗaya da tono. Da ma an ce sannu ba ta hana zuwa.

Na san mun saba ganin motocin kasuwar Dakwaro da Tasawa da kaya har sama, mutane a kan kayan, kuma suna isa. Waɗannan firam ɗinsu da sifirin ɗinsu na babbar mota ne, kayan gyaransu kuma na nan a kowane gareji. Wannan 'yar motar gajera ce, ba ta da faɗi, tana da tsayi daga ƙasa, kuma ƙaramin ƙarfe ɗaya da ya karye a ƙafarta zai iya zaunar da ita wata guda ana jiran saƙo.

5. Shirya motar

Da safe, kafin rana ta taɓa tayoyi, duba iska ka daidaita da abin da sitika ta ce. Wasu samfuran suna da lamba dabam ta taya baya idan za a ɗauki kaya mai nauyi. Gaya wa mai faci lambar da bakinka, ka tsaya ka gani, don idan ka bar shi zai hura ta kamar ta mota. Kada kuma ka sace iska don rairayi alhali kana da cikakken lodi, gefen tayar zai lanƙwashe, ƙaya ko kututture su huda shi.

Shokozoba na baya a yawancinsu yana da zobe mai matakai da ake juyawa a ƙara wa sifirin tauri. Juya na hagu da na dama daidai wa daida. Wannan yana hana baya zama ƙasa ne kawai, ba ya ƙara ko kilo ɗaya a kan abin da motar ke ɗauka, domin birki da aksul da boris suna nan yadda suke. Taka birki ka ji ƙarfinsa, ka share ƙaiƙayi da ciyawa daga gaban lagireto, ka tabbata sakatar da ke riƙe bodi ta kama.

Kafin a ɗora komai, auna daga ƙasa zuwa bakin bodi a hagu da dama, ka rubuta.

6. Jera kayan

Tsaya a wuri mai daidai, ka sa giyar tsayawa ko birkin hannu, ka tokare taya. Mafi nauyi shi ke fara shiga, a ƙasa, a matse shi da bangon gaba na bodi, bayan kujera, kuma a tsakiya. Kayan da ya taru a bakin ƙofar baya yana ɗage gaban mota, sitiyari ya yi sakwaf a hannu, a hawan tudu kuma gaban na iya tashi. Yana kuma iya sa bodi ya wuntsila da ƙarfi lokacin da ka zare sakata. Ƙofar baya ba wurin ɗora buhu ba ce, a rufe take tafiya.

Kaya marasa nauyi masu tsawo, irin harawa da karan dawa da dami, nasu haɗarin dabam ne. Kilo bai kai ba, amma tulin ya yi sama, mota na tangaɗi a kowace kwana. Kada tulin ya wuce rufin direba, kuma kada ya fito gefe fiye da faɗin tayoyi. Ɗaure shi gicciye, daga kusurwa zuwa kusurwa, a maƙalan da ke jikin bodi.

Ruwa ma sai an kula. Tano cike ya fi rabin tano lafiya, domin rabin yana kai da komo a ciki, yana tura mota gaba idan ka taka birki, yana jan ta gefe a kwana. Ko ka cika shi, ko ka raba ruwan a jarkoki. Tano a tsaye yake tafiya, a ɗaure da igiya biyu. Rago ko akuya kuwa kaya ne mai motsi: shimfiɗa masa ciyawa don kada ya zame, ka ɗaure shi gajere, ka rage gudu.

Mutum ba ya hawa bodi. Na san da wuya, don da ka shiga ƙauye yara za su biyo ka da gudu, wani lokaci dattijo ne zai ce, "Ɗana, rage mini hanya." Idan akwai kujera a gaba kuma lissafi ya bari, bismilla, ya ɗaura bel ɗin kujera. Idan babu, sai in ba shi haƙuri in ce, "Baba, bari in sauke in dawo in ɗauke ka." Ƙarafan da ke kare mutum idan mota ta kife, kujeru kawai suka rufe.

7. Sake aunawa kafin ka tashi

Koma da tef wuraren nan biyu. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka da fiye da yatsa biyu, gyara jerin. Leƙa shokozoba na baya: dole ka ga sauran sandar ƙarfen nan mai sheƙi. Danna bayan motar da ƙarfinka, ya kamata ta sauka ta dawo. Idan ta tsaya ƙyam kamar dutse, ta zauna a kan robar ƙarshe, sauke kaya ko da lissafinka ya ce daidai ne, wataƙila sifirin ya gaji ko wani buhu ya fi yadda aka ce. Ranar da ka yi lodi da nauyin da ka sani tabbas, rubuta tsawon da tef ya nuna. Daga ranar tef ɗin ya zama sikelinka.

8. Idan da tirela

Nauyin ja ya haɗa da nauyin tirelar kanta, ba kayan cikinta kaɗai ba. Sannan wajen kashi ɗaya cikin goma na wannan nauyi yana sauka a kan maƙalar bayan mota, kuma ana cire shi daga jimillar da ka lissafa a mataki na 2. Tirela mai kilo 600 da kayanta ta ci maka wajen 60. Yawancin 'yan tirelolin da ake ƙerawa a gari ba su da birki, motar ce ke tsayar da duka. Da tirela ba na wuce kilomita 15 a awa a hanya mai kyau, kuma ba na cika bodi da tirela a lokaci guda. A maƙalar da kamfani ya yi kawai ake ɗaurawa, ba a aksul ko ƙarfen rufi ba.

9. Tuƙi da kaya

Sa giyar ƙarfi, wadda aka rubuta L, duk lokacin da kake da lodi mai nauyi, ko kana cikin rairayi, ko hawan tudu, ko tafiya a hankali. Tafiya a hankali da giyar gudu, wato H, ita ce ke cin bel, don yana zamewa yana zafi. Masu Kubota RTV da Honda Pioneer 1000 ba su da wannan bel ɗin, amma su ma giyar ƙasa ce ta kaya. Sa ƙafa huɗu, wato duk tayoyin huɗu su riƙa ja, tun kafin ka shiga rairayi, ba bayan ka maƙale ba. Idan ta tsaya, ɗaga ƙafarka daga totur nan take. Daƙiƙa kaɗan na naci sun isa su ƙona bel. Sauka ka tone gaban tayoyi, ka shimfiɗa kara ko katako, in ya ƙi ka rage buhu biyu.

Fara taka birki da wuri, ka shiga kwana a hankali. Tudu da gangare a miƙe ake bin su, sama ko ƙasa, ba a yanke su a karkace da kaya a baya. Bayan tafiyar minti biyar ka tsaya ka sake matse igiya, domin buhu na zama, dami na saki.

10. Saukewa da duba ƙarshe

Wuri mai daidai kuma, birki a ja. Idan yashi ko taki za ka juye, buɗe ƙofar baya tukuna, ka tsaya a gefe, ka tabbata babu yaro a baya, sannan ka zare sakata. Idan bodin ya ƙi ɗaguwa da hannu, kwashe rabi da shebur, kada ka sa bayanka. Bayan ka mayar da shi, ja shi sama ka ji sakata ta kama.

Kai hannunka kusa da tsakiyar kowace taya, ba tare da ka taɓa ba. Wadda ta fi sauran zafi sosai, birkinta na kamawa ko boris ya fara ci. Duba shokozoba ko yana tsiyayar mai, ka shinshina wajen murfin bel ko akwai ƙauri.

Abu na ƙarshe da na yi wa tamu shi ne rubutu da farin fenti a bangon gaba na bodi, inda duk mai lodi zai gani: siminti 8, gero 4, jarka 15. A ƙasa da shi na rubuta na rairayi: 6, 3, 11. Kai ma ka yi lissafin taka motar da mutanenka da rufinka, ka rubuta naka lambobin a wurin, ka sabunta fentin bayan kowace damina.